Magidancin da Aka Fid da Rai da Shi a Tsaunin Everest

A daren Juma'a, 10 ga Mayu, 1996, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da masu hawan tsauni a saman Everest, tsauni mafi tsawo a duniya, wanda ke kan iyakar Nefal da yankin Tibet na ƙasar Sin. Kafin ta lafa, mutum takwas sun riga mu gidan gaskiya. Cikin waɗanda aka fara lissafawa a matattu har da wani likita Ba'amurke mai suna Beck Weathers, ɗan shekara 49, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu a birnin Dallas na jihar Tekzas. Abokan tafiyarsa sun fid da rai da shi, an ma yi wa iyalinsa waya an shaida musu rasuwarsa. Ranar 13 ga wata sai ga shi a hannun likitoci a Katmandu, babban birnin Nefal, yana magana da bakinsa.

Sai an san yanayin wurin za a gane dalilin da ya sa ceto a can yake da wuya haka. Tsawon Everest mita 8,849 ne. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya, mita 2,419 ne, ke nan sai an ɗora irinsa uku an ƙara da fiye da rabin na huɗu. A ƙololuwar Everest iska ba ta da kauri: duk numfashi ɗaya, abin da huhu ke samu na oksijin bai wuce kusan sulusin abin da yake samu a bakin teku ba. Daga mita 8,000 zuwa sama masu sana'ar suna kiran wurin yankin mutuwa, domin jiki ba ya sabawa da shi, lalacewa kawai yake yi awa bayan awa. Tunani yana dusashewa, abinci ba ya shiga, sanyi yana saurin cin yatsu. Abin da ya fi komai muhimmanci ga wannan labari shi ne, a wannan tsawo ƙaƙƙarfan mutum ma da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle ya ɗauki wani.

Weathers ba ɗan tsauni ba ne tun tashinsa. Aikinsa duba jini da tsokar majiyyata a ƙarƙashin madubin likita domin gano cuta. Ya daɗe yana fama da ciwon damuwa mai tsanani wanda ya ɓoye wa kowa, kuma yana dab da shekara 40 ya gano cewa idan ya wahalar da jikinsa a kan dutse, abin da ke cin zuciyarsa yana lafawa. Daga nan ya ɗauki aniyar hawan tsauni mafi tsawo a kowace nahiya, ya kuma hau da dama daga cikinsu. Gidansa ne ya biya kuɗin wannan magani. Da asuba yana wurin motsa jiki, da rana yana asibiti, hutun shekara kuma yana kan wani tsauni a wata uwa duniya. 'Ya'yan suka girma uban yana nan kamar ba ya nan, matarsa Peach kuwa haƙurinta ya kusa ƙarewa bayan shekara 20 da aure.

Ya shiga ayarin kamfanin Adventure Consultants, ƙarƙashin shahararren ja-gora Rob Hall, mutumin Niyu Zilan. Kowane mai son a kai shi ƙololuwa yakan biya har dala 65,000. Akwai wani ayarin na Ba'amurke Scott Fischer, da na 'yan Taiwan, dukkansu sun tashi daga sansani na huɗu, a kan wani fili mai tsawon kusan mita 7,900, wajen tsakar daren 9 ga Mayu. Ƙa'idar Hall sananniya ce: duk wanda ƙarfe biyu na rana ya yi bai kai ƙololuwa ba, ya juyo, ko da taku kaɗan ya rage masa. Dalilin a fili yake. Iskar da ke cikin tukwanen da suke goye da su ƙididdigagga ce, kuma saukowa cikin duhu ita ce ta fi kashe mutane.

Idanun Weathers ne suka fara ba shi matsala. Kimanin shekara ɗaya da rabi kafin tafiyar an yi masa tiyatar gyaran gani, irin wadda ake yi wa fatar gaban ido ƙananan tsage. A wancan lokaci ba a san sosai cewa ƙarancin iskar sama yana sauya siffar idon da aka yi wa wannan aiki ba. Yana hawa ganinsa yana raguwa, har ya kai ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku. Ya murza ido da safar hannu, ƙwayar ƙanƙara ta karce masa ɗaya. A wani ɗan dandamali da ake kira Balcony, wajen mita 8,400, ya gaya wa Hall halin da yake ciki. Hall ya sa shi ya yi alkawarin cewa in ganin bai dawo ba zai tsaya nan har ya sauko su tafi tare. Ya cika alkawari, kuma cikawar ce ta kusa halaka shi. Da tsakar rana wasu abokan ayarinsa da suka haƙura suka juyo sun ce ya biyo su, ya ƙi. Ya shafe kusan awa goma a wuri ɗaya, sanyi yana shigarsa.

Hall bai dawo ba. A sama an samu cunkoso, saboda ba a ɗaura igiyoyi da wuri a wurare masu haɗari ba, ƙa'idar ƙarfe biyu kuma ta karye a hannun wanda ya kafa ta: Hall ya jira wani abokin cinikinsa, Doug Hansen, wanda bai isa ƙololuwa ba sai wajen ƙarfe huɗu. Da yamma wani ja-gora, Mike Groom, ya iske Weathers, ya ɗaure shi da gajeriyar igiya a jikinsa suka kama gangara. Suna isa filin da sansanin yake, duhu da guguwa suka haɗu. Iska tana gudun fiye da kilomita 100 a awa, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, mutum ba ya ganin ƙafarsa. Mutum goma sha ɗaya daga ayari biyu suka yi ta gewaye har suka tsinci kansu a bakin wani gangare mai zurfin fiye da mita 2,000. Nan suka tsaya suka cure wuri ɗaya, suna dukan juna don kada barci ya ɗauki wani. Tantuna ba su fi mita 300 daga inda suke ba. A wannan daren ne Weathers ya cire safar hannun dama da niyyar cusa hannun cikin riga ya ɗumama, iska ta fizge safar ta tafi da ita.

Wajen tsakar dare gajimare ya ɗan yaye, aka ga taurari, aka gane alƙibla. Masu sauran ƙarfi suka lallaɓa zuwa sansani suka faɗi a ƙofar tanti. Ja-gora Anatoli Boukreev, mutumin Kazakistan, ya fita shi kaɗai cikin guguwar, ya ɓata ya dawo, ya sake fita, har ya kawo mutum uku da rai. Saura biyu: Yasuko Namba, 'yar Jafan mai shekara 47 wadda ta taka ƙololuwa a ranar, da Weathers. Ƙarfin Boukreev ya ƙare, kuma babu wani a sansanin da ya iya tashi.

Da gari ya waye, wani likitan zuciya ɗan Kanada, Stuart Hutchison, ya je nemansu tare da 'yan ƙabilar Sherpa, mutanen yankin da ke dakon kaya da ɗaura igiyoyi. Sun same su rabin jiki a binne. Sai da Hutchison ya ɓamɓare ƙanƙara daga fuskokinsu kafin ya gane wane ne wane. Dukansu suna numfashi, amma kaɗan-kaɗan. Babban Sherpa ya ba da shawarar a bar su, aka koma sansani aka tattauna, aka amince. Wanda ke zaune a gida cikin inuwa zai iya kiran wannan rashin imani. Sai dai mutanen da suka yanke hukuncin su kansu rabin rai gare su, iskar tukwane ta ƙare, akwai wasu a sama da ake fatan cetowa, kuma jan mutum ɗaya da ba ya motsi a wannan tsawo aikin ƙarti da yawa ne. Sun auna cewa ko an kai su tanti ba za su kai ƙasa ba. A kan Namba lissafin ya yi daidai, ta cika a wurin. A kan Weathers ya kuskure.

Kuskuren yana da tushe a yadda sanyi ke aiki. Idan zafin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, mutum yana karkarwa. In ya ƙara sauka karkarwar tana tsayawa, hankali ya gushe, bugun zuciya da numfashi su yi sanyin da yatsa ba ya iya ji. Amma jikin da ya yi sanyi buƙatarsa ta oksijin tana raguwa, shi ya sa ƙwaƙwalwa kan jure abin da ba za ta jure a cikin ɗumi ba. A 1999 wata likita 'yar Suwidin, Anna Bågenholm, ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara a Norwe, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, kuma aka farfaɗo da ita a asibiti. Saboda irin wannan ne likitocin gaggawa ba sa gaggawar tabbatar da mutuwar wanda sanyi ya kama sai an ɗumama shi. A mita 7,900 kuwa babu asibiti, babu abin ɗumamawa.

Ranar Asabar, 11 ga Mayu, labarin mutuwarsa ya isa Dallas. Matar ta tara 'ya'yanta, saurayi da 'yar budurwa, ta faɗa musu ubansu ya rasu, 'yan uwa da abokan arziki suka fara cika gida. Ba gidan kaɗai ne ke cikin wannan hali ba. A ranar Rob Hall yana maƙale kusa da ƙololuwa, da rai amma ba ya iya saukowa. Aka haɗa oba-obarsa da wayar tauraron ɗan'adam ya yi magana da matarsa Jan Arnold a Niyu Zilan, tana da cikin wata bakwai. Bai ƙara kwana da rai ba, 'yarsa kuma aka haife ta a watan Yuli.

Shi kuwa Weathers yana da sauran shan ruwa. Wajen la'asar, bayan ya kwanta a fili tun tsakar dare, ya buɗe ido. Har yau babu likitan da ya ba da gamsasshen bayani kan abin da ya tashe shi. Ya ga hannunsa na dama ya zama toka-toka, ya buga shi a ƙanƙara ya ji ƙara ba zafi. Daga baya ya ce matarsa da 'ya'yansa ne suka bayyana masa a ido ƙarara, ya kuma gane cewa babu mai zuwa. Duk da makanta, ya yi lissafi mai kyau: ya tuna ta inda iskar ke busowa dangane da sansani, sai ya fuskance ta ya yi ta tafiya, yana faɗuwa yana tashi. Wani mai hawan tsauni, Todd Burleson, ya hango abu yana tangaɗi, hannu ɗaya a sandare a sama, fuska baƙa ƙirin. Da farko bai gane shi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi na farko wuyar karewa. An sa shi cikin tanti, an lulluɓe shi, an ba shi oksijin, amma tun da kowa ya ɗauka ba zai kai safiya ba, sai aka bar shi shi kaɗai. Cikin dare guguwa ta dawo, ta banƙare ƙofofin tantin, ta danne shi a kan fuskarsa, ta yaye mayafan. Hannuwansa ba sa aiki balle ya ja su. Hannun ya kumbura, agogonsa yana datse shi, ya yi ta ƙoƙarin cire shi da haƙori. Ya yi ta ihu, iska ta haɗiye muryar. Da safe ɗan jarida Jon Krakauer ya leƙa don ya yi wa gawa kallon ƙarshe, ya tarar da mutum yana faɗa. A waje an bar shi ne don babu mai iya ɗaukarsa. A tanti kuwa abin da yake buƙata bai wuce mutum ɗaya ya kwana kusa da shi ba.

Daga nan ceto na gaskiya ya fara, kuma baƙi ne suka yi shi. Burleson da abokinsa Pete Athans, waɗanda suka ajiye nasu shirin hawa, suka yi masa allurar deksametason mai rage kumburi, suka shayar da shi, ga mamakinsu ya miƙe. Gangaren Lhotse bango ne na ƙanƙara mai tsawon fiye da mita 1,000, ana sauka ne ta hanyar maƙala ƙugiya a igiya a cire a sake maƙalawa. Marar hannu ba ya iya wannan, don haka ɗaya yana gaba Weathers ya jingina da shi, ɗaya yana baya riƙe da ɗamararsa. A hanya ayarin masu ɗaukar fim na IMAX, su David Breashears da Ed Viesturs, suka karɓe shi. Wannan ayari ya riga ya buɗe rumbun oksijin ɗinsa ga masu ceto, alhali nasarar fim ɗin miliyoyin daloli ta dogara da shi. A sansani na biyu, wajen mita 6,400, likita Ken Kamler ya mai da tantin cin abinci ɗakin jinya, ya sa masa ƙarin ruwa, ya narkar da hannuwan a ruwan ɗumi.

Sauran babban shinge shi ne kogin ƙanƙara na Khumbu, tsakanin sansani na ɗaya da sansanin tushe. Wuri ne na manyan ƙundumomin ƙanƙara masu motsi da ramuka masu zurfi, waɗanda ake tsallakewa a kan tsanin ƙarfe da aka shimfiɗa. Nan ne ƙanƙara ta rufto ta kashe ma'aikata 16 'yan Nefal a Afrilun 2014. Bi da makaho marar hannu ta wannan hanya kasada ce da rayukan mutane da yawa.

A Dallas, awoyi kaɗan bayan wayar farko, waya ta biyu ta shigo cewa yana da rai amma yana cikin mawuyacin hali. Matar da ta riga ta fara tunanin rabuwa da shi ita ce ta tsaya tsayin daka. Ita da ƙawayenta suka kama wayoyi, suka taso sanatoci da jami'an gwamnati, har magana ta kai ofishin jakadancin Amurka a Katmandu, aka nemi jirgi mai saukar ungulu. Ba su san abin da suke nema ya kusa fin ƙarfin injin ba, kuma wataƙila rashin sanin ne ya hana su karaya. Farfelar jirgi da iska take riƙe shi, inda iska ba ta da kauri kuwa jirgin ba ya iya tsayawa, balle ya tashi da kaya. A 1973 wani jirgin ayarin Italiya ya taɓa faɗuwa a wannan yanki.

Laftanar Kanar Madan Khatri Chhetri na rundunar sojan Nefal ya amsa. Da safiyar 13 ga Mayu ya rage wa jirgin nauyi iyakar iyawa, ya taso shi kaɗai zuwa kusan mita 6,000. Mutanen ƙasa ba su da abin yin alama, sai suka zuba jan lemon Kool-Aid a kan dusar ƙanƙara suka zana gicciye. Ya sauka a tsakanin ramuka ba tare da ya sakar wa ƙasa dukkan nauyin jirgin ba, ya ɗaga yatsa ɗaya: mutum guda kawai. Akwai wani majiyyacin, Makalu Gau, shugaban ayarin Taiwan, wanda ƙafafunsa suka daskare ba ya iya taku. Weathers ya yarda a fara ɗaukar Gau, ba tare da tabbacin jirgin zai dawo ba. Bayan kamar rabin awa ya dawo. Wannan yana cikin wurare mafi tsawo da aka taɓa yin ceto da jirgi har zuwa lokacin. A yau ɗaukar majiyyaci daga sansani na biyu ya zama ruwan dare, amma a yankin mutuwa har yanzu bayan mutum ne motar asibiti: a Mayun 2023 Gelje Sherpa ya shafe kusan awa shida yana saukowa da wani ɗan Maleshiya daga Balcony zuwa sansani na huɗu.

Jinyar ta fi ceton tsawo nesa ba kusa ba. Idan tsoka ta daskare, ruwan cikinta yana zama ƙanƙara, ƙananan jijiyoyin jini su toshe. Ana narkar da ita a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, ba a murzawa, ba a gasawa a wuta, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Likitoci ba sa saurin yanka. Sukan jira makonni har iyaka ta fito tsakanin naman da ya mutu da mai rai. Da iyakar ta fito, aka yanke hannun dama na Weathers tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. A hagu ya rasa dukkan yatsu biyar, aka gyara abin da ya rage na tafin yadda zai iya kama abu. Ya rasa wasu sassa na ƙafafunsa. Hancin ya mutu gaba ɗaya, sai aka gina sabo da guringuntsin kunne da fatar goshi, aka bar shi ya yi jijiyoyi a kan goshin, daga baya aka juyo da shi mazauninsa. Tiyata ta bi tiyata, mutumin da ya saba yi wa kansa komai ya koma sai an sa masa riga, an ba shi abinci, an taimake shi a banɗaki.

Hidimar nan a kan iyalin da ya yi shekaru yana bari ta faɗa. Matar ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ba shi wa'adin shekara ɗaya ya nuna ya zama wani mutum dabam, in ba haka ba kowa ya kama gabansa. Labaran ceto sukan tsaya ne a inda jirgi ya tashi, alhali ga 'ya'yan da aka ce musu ubansu ya mutu sannan aka ce yana da rai, sannan ya dawo da kamannin da ba su sani ba, a nan ne wahalar ta fara. Weathers ya amsa cewa son kai ne ya kai shi tsaunin, ya kuma yi maganar ciwon damuwarsa a bainar jama'a, abin da ya kasa yi a cikin gidansa shekara da shekaru.

Ya koma bakin aikinsa na likita da taimakon mataimaki da na'urorin da aka gyara masa. Auren bai mutu ba. A shekarar 2000 ya fitar da littafi mai suna Left for Dead tare da marubuci Stephen Michaud, inda aka ba matar da 'ya'yan fili suka faɗi nasu ɓangaren, kuma ba su yi masa sassauci ba. A 2015 aka yi fim ɗin Everest, Josh Brolin ya fito a matsayinsa. Shi kansa bai sake komawa manyan tsaunuka ba.